Tabarau na Kasuwa, Gilashin Asibiti, Madubin Liƙawa ko Aikin Leza: Wanne Ya Dace da Idonka?

Magidancin da ya haura shekara arba'in ya lura sai ya nisanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa kafin rubutu ya fito, da ɗalibar da ba ta hango abin da malami ya rubuta a allo sai ta dawo layin gaba, da direban da fitilun motoci suke tarwatse masa da daddare, dukkansu sukan iske hanyoyi huɗu a gabansu. Ko dai su sayi tabarau haɗaɗɗe a kasuwa ko a kemis, ko su je a gwada idon a yanka musu nasu, ko su koma ga madubin da ake liƙawa a ƙwayar ido, ko kuma mai hali ya nemi a yi masa aikin leza ya rabu da gilashi. Kowace hanya tana da wanda ta dace da shi, kuma akwai wanda za ta cutar ko ta cinye masa kuɗi a banza.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan gani a 2019 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare matsalarsu ko kuwa har yanzu ba a magance ta ba. A Najeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sannan rashin gilashin da ya dace shi ne kan gaba wajen jawo matsakaicin raunin gani.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran, shi ne ko hanyar tana gyara ainihin matsalar da ke idon, domin abu mai araha da bai gyara komai ba ya fi kowane tsada. Sai farashi, wanda ya kamata a lissafa shi kashi biyu: abin da za a biya ranar farko, da abin da za a ci gaba da biya shekara bayan shekara. Kusan duk kayan ido daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu bai zauna wuri ɗaya ba a Najeriya, alhali a Nijar sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, don haka kwatancin da ya fi amfani shi ne a auna tsadar wata hanya da wata. Na uku shi ne ƙarko a irin yanayinmu na ƙurar hunturu da zafin bazara. Na huɗu sauƙin amfani ga mai alwala sau biyar a rana, mai hawa babur, mai aiki a gona ko a gaban na'ura. Na biyar haɗari, wato mafi munin abin da zai iya faruwa idan aka yi kuskure.

Gwajin da komai ya rataya a kansa

Ba za a iya auna ma'auni na farko ba sai an san abin da ke damun idon, kuma matsalolin da gilashi yake gyarawa iri huɗu ne. Akwai mai ganin kusa da kyau amma nesa ta dushe masa, yawanci saboda ƙwayar idonsa ta yi tsawo, kuma lambarsa tana zuwa da alamar ragi, kamar -2.00. Akwai wanda ƙwayar idonsa ta gajarta, idon yana wahala kafin ya daidaita hoto musamman na kusa, lambarsa kuma tana da alamar tarawa. Akwai wanda tantanin gaban idonsa bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, sai rubutu ya riƙa yi masa inuwa nesa da kusa, wanda likitoci suke kira astigimatizim. Na huɗu shi ne raunin ganin kusa da shekaru suke kawowa, wanda yake farawa tsakanin shekara 40 da 45 saboda madubin da ke cikin ido yana taurara, kuma babu wanda yake tsallake shi idan rai ya yi tsawo.

Takardar da ake ba mutum bayan gwaji ita ce take bambanta waɗannan. Layin SPH yana nuna ƙarfin lambar nesa, CYL da AXIS suna nuna astigimatizim da kusurwarsa, ADD yana nuna ƙarin da ake bukata don karatu, PD kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanun biyu ce da milimita. Wannan takarda haƙƙin mai ido ce, ya kamata ya karɓe ta ya adana ko da ba a wurin zai sayi gilashin ba, domin da ita ce zai iya kwatanta farashi a wani shagon.

Cikakken gwaji ya wuce karanta haruffa a allon da ke nisan mita 6, kuma wanda bai iya karatun boko ba akwai allo mai harafin E da ake nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta, saboda haka rashin karatu ba uzuri ba ne. Bayan allon da gwada madubai, wajibi ne a auna matsin cikin ido, wanda a yawancin mutane yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, a kuma leƙa bayan ido a ga jijiyar gani. Dalilin nacewa a kan wannan shi ne gilakoma, cutar da aka fi sani da hawan jinin ido. Binciken ƙasa da aka ambata ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da ita, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ba su sani ba, kuma ita ce ta biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido. Tana cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, mutum yana karanta allo tsaf alhali jijiyarsa tana lalacewa, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Duk gwajin da aka yi a gaban na'ura cikin minti biyu aka miƙo lamba, ba a auna matsi ba, ba a duba bayan ido ba, rabin gwaji ne.

Ma'aikatan ido kashi-kashi ne. Likitan ido shi ne mai magance cuta da yin tiyata. Masanin gwajin ido, wanda a Najeriya yake karatun shekara shida a jami'a kuma hukumar ODORBN take yi masa rajista, shi ne gwanin fitar da lamba da gano alamun cuta. Mai haɗa tabarau aikinsa yanka madubi da daidaita shi a firem. A arewacin Najeriya akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma kuɗin gwaji a irin waɗannan wurare yawanci ƙasa yake da kuɗin firem ɗaya mai kyau. Babban mutum mai lafiya da ya haura arba'in ya isa ya je duk shekara biyu, amma mai ciwon suga da wanda gilakoma ta taɓa kama wani a danginsa na jini su je duk shekara.

Tabarau haɗaɗɗe na kasuwa

Wannan shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Lambobinsa sukan fara daga +1.00 zuwa wajen +3.50, kuma aiki ɗaya aka yi shi dominsa: raunin ganin kusa na shekaru. Ga tela, da mai ɗinkin hula, da mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da dattijuwar da take so ta tsince shinkafa ko ta zura zare a allura da kanta, tabarau irin wannan yana dawo da sana'a. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya ya nuna cewa waɗanda aka ba su gilashin ganin kusa sun ƙara yawan abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin 100. Wanda yake farkon arba'in yakan fara da +1.00 ko +1.25, lambar tana hawa a hankali har ta kai wajen +2.50 kusa da shekara sittin. Hanyar zaɓa ita ce mutum ya tafi da littafin da ya saba karantawa, ya riƙe shi a nisan da yake riƙewa a gida, kimanin santimita 40, ya ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta fito masa da rubutu sarai, domin lamba mai ƙarfi fiye da kima takan tilasta masa kusanto da littafin har hanci.

Iyakarsa a fili take. Idanun biyu lamba ɗaya aka sa musu, alhali mutane da yawa idonsu na dama da na hagu sun bambanta. Ba ya gyara astigimatizim, ba ya gyara ganin nesa, kuma tsakiyar madubansa an ajiye ta ne a kan matsakaicin mutum. Idan bai dace ba yakan kawo ciwon kai da nauyin ido, amma ba ya lalata idon babban mutum. Maganar da ake yawan yi cewa gilashi ne yake ƙara kashe ido ta samo asali ne daga ganin lamba tana hawa bayan an fara sawa, alhali madubin cikin ido zai ci gaba da taurara ko an sa gilashi ko ba a sa ba. Ta fuskar ƙarko kuwa, mahaɗin hannunsa yakan karye cikin watanni kuma madubinsa yana saurin karcewa, sai dai arahar ta sa mutum zai iya ajiye ɗaya a gida ɗaya a shago.

Haɗarinsa na gaskiya ba a jikin gilashin yake ba. Mutum ya ga rubutu ya fito, sai ya ɗauka idonsa lafiya ƙalau, ya shekara goma yana canja lamba a kan tebur ɗin mai sayarwa ba wanda ya taɓa auna masa matsin ido, a daidai shekarun da gilakoma ta fi kamawa. Shi ya sa nake ganin tabarau na kasuwa zaɓi ne mai kyau bayan gwaji, mummunan zaɓi a madadin gwaji. Ba a kuma saya wa yaro shi, ba a tuƙi da shi.

Gilashin da aka yanka bisa takardar gwaji

Wannan ne kaɗai daga cikin huɗun yake gyara dukkan matsalolin nan a kowane shekaru, tun daga jariri har tsoho. Kuɗinsa ya kasu huɗu: gwaji, firem, madubi, da shafe-shafen da ake ƙarawa a kan madubin, kuma a nan ne mai saye ya fi ruɗewa, domin a shago ɗaya gilashi mai lamba ɗaya zai iya ninka wani sau goma saboda sunan da ke jikin firem. Ingancin gani yana madubi ne da daidaiton aunawa. Firem mai sauƙin kuɗi da ya zauna a hanci da kyau, bai matse gefen kai ba, ya wadatar. Yana da kyau a nemi a rubuta kuɗin kowane kashi daban, a kuma tambaya ko za a iya sa sabon madubi a tsohon firem.

Madubin kwalba ya fi jure karcewa, amma yana da nauyi kuma yana fashewa, don haka yanzu an fi amfani da na roba. Robar da aka fi yankawa, wadda ake kira CR-39, tana da araha da kyan gani kuma ta isa ga matsakaiciyar lamba. Polikabonet ya fi jure bugu, shi ya sa shi ne ya dace da yara, da masu babur, da makanikai, da duk wanda ido ɗaya ne ya rage masa yana gani, sai dai yana bukatar shafin kariya daga karcewa. Madubi siriri mai tsada, irin mai lamba 1.67, amfaninsa yana bayyana ne ga mai lamba mai ƙarfi, kamar daga -4.00 zuwa sama, inda madubin gama-gari zai yi kauri da nauyi. Mai -1.00 da aka tallata masa shi ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba.

Wanda yake bukatar gyaran nesa da na kusa a lokaci ɗaya yana da zaɓi uku. Zai iya yin gilashi biyu daban, wanda sau da yawa shi ne mafi araha kuma mafi faɗin gani ga mai doguwar tilawa ko ɗinki. Zai iya yin mai hawa biyu, wanda ake ganin layi a tsakiyarsa, sama don nesa ƙasa don karatu. Ko kuma ya yi wanda lambarsa take sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba, irin da aka fara sayarwa a Faransa a 1959 da sunan Varilux. Wannan na ƙarshe ya fi kyan gani a fuska kuma yana ba da tsaka-tsakin nisa na kwamfuta, amma ya fi tsada sosai, gefunansa suna ɗan karkatar da hoto, kuma idan mai aunawa ya kuskure tsayin tsakiyar ido da 'yan milimita sai gilashin ya gagari mai shi. Dattijon da zai fara sa mai hawa biyu ko marar layi ya kula da matakala da bakin kwalbati a makonnin farko, ya riƙa sunkuyar da kai yana duban ƙasa ta saman madubin.

Game da shafe-shafe, wanda yake rage ƙyallin haske yana da amfani na gaske ga mai tuƙin dare da mai aikin kwamfuta. Madubin da yake yin duhu a rana yana sauƙaƙa wa mai yawan fita, amma abu biyu ne ba a cika faɗa wa mai saye ba: ba ya yin duhu sosai a cikin mota domin gilashin gaban mota yana tare hasken da yake motsa shi, kuma a tsananin zafi duhunsa ba ya kai na lokacin sanyi. Shafin tare shuɗin haske na waya da kwamfuta kuwa, wanda ake tallatawa sosai a yanzu, nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2023 bayan ta tattara gwaje-gwaje 17 bai sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Abin da yake taimakawa kyauta ne: duk bayan minti 20 mutum ya ɗauke ido daga allo ya dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20, ya kuma riƙa ƙiftawa.

Gilashi mai kyau yakan yi shekara biyu zuwa uku, kuma abin da ya fi kashe shi a wajenmu shi ne goge shi a bushe da gefen riga ko mayafi lokacin hunturu, domin ƙurar da ta kwanta a kansa ita ce take karce shi. A fara zuba masa ruwa, a wanke da ɗigon sabulun ruwa, sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Barinsa a gaban mota cikin rana yana tsattsaga shafin da ke kansa. Wajen alwala cirewa kawai ake yi a mayar, haɗarinsa kuma shi ne mafi ƙanƙanta domin ba ya taɓa ƙwayar ido. Idan an yi mako biyu da sabon gilashi jiri ko ciwon kai bai daina ba, a koma a sake duba aunawar.

Batun yara yana bukatar tsayawa. Iyaye da dama sukan ƙi amincewa da gilashi ga yaro, musamman 'ya mace, don gudun kada a ce tana da nakasa ko kada ido ya saba. Amma ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne a shekarun farko, kuma idon da ya daɗe yana aika mata da hoto dishi-dishi takan yi watsi da shi, gyaransa kuma yana ƙara wuya bayan shekara bakwai zuwa takwas. Yaron da yake matse ido, ko yake manne wa talabijin, ko ido ɗaya yake karkacewa, a kai shi gwaji tun kafin ya shiga firamare. Za a ɗiga masa maganin da zai sassauta idon kafin a fitar da lamba, ganinsa zai dushe na ɗan lokaci, kuma wannan ba illa ba ce.

Madubin liƙawa a ƙwayar ido

Yana ba da gani mai faɗi ba tare da firem ba, ba ya zamewa da gumi, kuma ga ɗan ƙwallo, ko mai lamba mai ƙarfi sosai, ko wanda idanunsa biyu suka yi nisa da juna a lamba, yakan fi gilashi. Akwai kuma cutar da take sa tantanin gaban ido ya yi tsini, wadda sau da yawa madubin liƙawa mai tauri ne kaɗai yake daidaita ganin mai ita.

Kuɗinsa ba ya ƙarewa. Mai sa irin na kwana ɗaya kullum zai bukaci guda 730 a shekara, mai sa na wata-wata zai bukaci 24 tare da ruwan wankinsa na musamman da ɗan akwatin ajiya da ake canjawa duk wata uku, kuma duk da haka dole ya mallaki gilashi don dare da ranar da ido ya yi ja. Idan aka fita daga Kano, Kaduna, Abuja da manyan birane irinsu, samun lambar mutum a kan kari ba tabbas ba ne, abin da yake jefa wasu cikin tsawaita madubin wata ɗaya zuwa wata uku.

A nan ne haɗari ya fi tsanani. Ruwan famfo da na rijiya da na randa suna iya ɗauke da wata ƙwayar halitta mai suna Acanthamoeba, wadda idan ta maƙale tsakanin madubin da ido takan jawo gyambon da yake da wuyar magani kuma yana iya barin tabon da zai toshe gani. Mai wanke fuska sau biyar a rana wajibi ne ya rufe idonsa sosai lokacin alwala, kada ya yi wanka da shi, kada ya taɓa wanke shi da ruwa ko yawu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kwana da shi yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau shida zuwa takwas. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna sa shi yi wa ido kaikayi, kwalli kuma yana taruwa a jikinsa. Mai launi da amare suke sawa don kwalliya dokarsa ɗaya da mai lamba, kuma abin da yake tayar min da hankali shi ne yadda ake sayar da shi a shafukan sada zumunta, ko mai kwalliya ta sa wa amarya da hannun da ta gama shafa hoda, ko ƙawaye su yi aronsa. Duk mai sa shi da ya ji zafi, ko ido ya yi ja, ko haske ya dame shi, ya cire nan take ya ga likita a ranar, kada ya sayi maganin ɗigawa a kemis, domin masu sinadarin siteroyid suna ƙara rura gyambo kuma yawan amfani da su yana ɗaga matsin ido.

Aikin leza

Ana amfani da hasken leza a sake fasalin tantanin gaban ido, wanda kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba. Amurka ta amince da nau'in PRK a 1995 da LASIK a 1999, kuma mafi yawan waɗanda aka tantance da kyau sukan daina bukatar gilashin nesa. Shi ne mafi tsada a ranar farko, yana ninka gilashi mai kyau sau da yawa, kuma a Najeriya asibitocin kuɗi ƙalilan ne suke yinsa, don haka wasu sukan tafi Masar, Indiya ko Dubai, inda kuɗin jirgi da masauki suke hawa kan na aikin. Wanda zai yi tafiya ya tanadi likitan da zai ci gaba da duba shi a gida na tsawon watanni.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ya kai shekara 18, lambarsa ta tsaya cik aƙalla shekara guda, tantaninsa yana da isasshen kauri kuma ba ya yin tsini, ba mai juna biyu ba, ba mai tsananin bushewar ido ba. Bushewar ido ta watanni da ganin zobe a jikin fitilu da daddare su ne illolin da aka fi samu, munanan illoli ba su da yawa amma abin da aka cire daga tantani ba ya komawa. Aikin kuma ba ya hana raunin ganin kusa zuwa, saboda haka wanda aka yi wa yana ɗan shekara 38 zai nemi tabarau na karatu cikin 'yan shekaru.

| Ma'auni | Na kasuwa | Na takardar gwaji | Na liƙawa | Leza |
|---|---|---|---|---|
| Abin da yake gyarawa | Ganin kusa na shekaru kawai | Dukkan matsalolin huɗu | Yawancinsu | Nesa da astigimatizim |
| Kuɗin farko | Mafi ƙasa | Matsakaici, ya danganta da firem | Matsakaici | Mafi yawa |
| Kuɗin ci gaba | Kaɗan | Duk shekara 2 zuwa 3 | Kowane wata | Dubawa da maganin ɗigawa |
| Ƙarko | Watanni | Shekara 2 zuwa 3 | Kwana 1 ko wata 1 | Shekaru masu yawa |
| Sauƙi a ƙura da alwala | Mai sauƙi | Mai sauƙi | Mai wuya | Mai sauƙi bayan warkewa |
| Babban haɗari | Fasa zuwa gwaji | Kuskuren aunawa | Gyambon ido | Bushewa, ba a warware aikin |

Wa ya dace da wanne

Wanda ya haura arba'in, yana ganin nesa garau, gwaji ya nuna matsin idonsa da jijiyarsa lafiya kuma idanun biyu lambarsu ɗaya ce ko kusa da haka, ya sayi tabarau na kasuwa da lambar da aka rubuta masa, ya koma gwaji bayan shekara biyu. Wanda takardarsa take da alamar ragi, ko CYL da ya kai 1.00, ko bambanci bayyananne tsakanin idanun biyu, gilashin da aka yanka masa ne nasa, kuma kuɗinsa ya fi dacewa ya tafi ga aunawa mai kyau fiye da sunan firem. Yaro da ɗalibi, gilashin polikabonet bayan gwajin da aka ɗiga magani, tare da sake dubawa duk shekara domin lambar mai tasowa tana sauyawa. Direban dogon zango ya ƙara shafin rage ƙyalli, ya bar mai yin duhu, ya sayi baƙin gilashi mai lambarsa idan hali ya yi. Malami ko ma'aikacin ofis da yake duban allo da takarda da fuskokin mutane a lokaci ɗaya shi ne wanda gilashi marar layi ya cancanci tsadarsa gare shi.

Madubin liƙawa ya dace da matashi mai tsafta da tsari, mazaunin birni, mai dalili na sana'a ko na wasa, kuma na kwana ɗaya da ake sawa lokaci-lokaci ya fi aminci a yanayinmu. Aikin leza na mai shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da 'yan kai ne, wanda lambarsa ta tsaya, ya gaji da gilashi mai kauri, kuma yana da kuɗin aikin da na bibiya.

Akwai waɗanda babu ɗaya daga cikin huɗun da zai yi musu. Dattijon da ganinsa yake yin hazo a hankali, ana canja masa lamba ba ta ƙara komai, mai yiwuwa yanar ido ce, kuma maganinta tiyata ce da ake sa sabon madubi a cikin ido, ba ture ta da tsinke irin na masu yawo ƙauye-ƙauye ba, wanda yake barin mutane da dama cikin makanta. Wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko yake ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo da wani abu kamar labule yana rufowa daga gefe, asibitin ido zai nufa a ranar. Mai ciwon suga kuma da ganinsa yake sauyawa daga mako zuwa mako ya dakata da yanka gilashi har sugansa ya daidaita na 'yan makonni, domin hawa da saukar suga suna canja lambar ido, amma ya nemi a faɗaɗa masa ƙwayar ido da magani a duba bayanta tun a zuwan farko.